Idan haske ya ragu a jikin ɓera, shin furotin biyun sun rabu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digirin digirgir, ina aiki kan wasu furotin biyu da ke haɗuwa a cikin ƙwayoyin kansar mama. Na samu wani magani da ke raba su a farantin da ake renon ƙwayoyin halitta. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na nuna haka a jikin ɓera mai rai, ya kuma ba ni shawarar amfani da hasken lusifares. Yaya hanyar take aiki, wacce zan ɗauka a cikin ire-irenta, kuma idan na yi wa ɓera allurar maganin sai hasken ya ragu, zan iya cewa maganin ya raba su?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa karatu albarka. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi nauyi. Raguwar haske ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Abubuwa da dama ne ke rage hasken da ke fitowa daga jikin ɓera, rabuwar furotin ɗinki ɗaya ce kawai a cikinsu. Duk da haka malaminki ya ba ki shawara mai kyau. Idan kika shirya gwajin yadda ya kamata, za ki ga lokacin da magani ya isa inda aka aike shi, tsawon lokacin da ya riƙe, da lokacin da ƙarfinsa ya ƙare, duk a jikin dabba guda ba tare da an yanka ta ba. Sai dai kafin ki kai nan, sai kin san inda hasken yake fitowa da abin da yake ratsawa kafin ya iso kyamara.

Kin san maƙesu, ƙwaron nan da ke walƙiya da dare a fadama lokacin damina. A cikinsa akwai wani enzayim, shi ne lusifares, da kuma wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira lusiferin. Lusifares yana kama lusiferin, ya haɗa shi da iskar oksijin, da taimakon magneziyam da ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari, sai haske ya fito. Raphaël Dubois, Bafaranshe, shi ya fara rarrabe waɗannan abubuwa biyu a shekarun 1880. William McElroy ya nuna a 1947 cewa sai da ATP hasken yake tashi. A 1985 ɗakin binciken Marlene DeLuca a San Diego ya ware ƙwayar gadon lusifares daga maƙesun Amurka mai suna Photinus pyralis, wanda hakan ya ba da damar dasa ta a kowace irin ƙwayar halitta. Shekara 10 bayan haka, a 1995, Christopher Contag da abokan aikinsa a Stanford suka bi sawun ƙwayoyin cutar Salmonella masu haske a jikin ɓera mai rai, daga waje, da kyamara.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta fi furotin mai ƙyalli irin GFP a jikin dabba shi ne duhu. GFP sai an haska shi da fitila daga waje kafin ya mayar da haske, kuma fitilar tana sa fata da gashi da abincin da ke cikin hanji su ma su yi ƙyalli, sai abin da kike nema ya ɓace a cikinsu. Jikin ɓera kuwa ba ya yin hasken kansa. Idan kika sa shi a akwati mai duhu, duk ɗigon hasken da kyamara ta kama daga lusifares ɗinki ya fito, ko da kaɗan ne.

To, yaya ake ɗaura hasken a kan haɗuwar furotin biyu? Hanyoyi uku ne aka sani.

Ta farko ita ce mafi tsufa, an aro ta ne daga dabarar da Stanley Fields da Ok-kyu Song suka fitar a yis a 1989. Ana liƙa wa furotin ɗaya ɓangaren GAL4 mai kama DNA, ɗayan kuma a liƙa masa VP16 mai kunna ƙwayar gado. Idan sun haɗu sai su kunna ƙwayar gadon lusifares. Ɗakin binciken Sanjiv Sam Gambhir, lokacin yana Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ya nuna haka a ɓera a 2002 da furotin MyoD da Id. Hasken yana da ƙarfi, amma sai haɗuwar ta faru a cikin cibiyar ƙwayar halitta, kuma saƙon yana zuwa ne bayan awoyi. Ga mai son sanin lokacin da magani ya raba abu, wannan ba ta da amfani sosai, don haka ki bar ta.

Ta biyu ita ce raba lusifares gida biyu, kuma ita nake ganin za ki fi buƙata. Lusifares na maƙesu sarƙa ce ta amino asid 550. Ana yanka ta, a liƙa rabi a jikin furotin na farko, rabi a jikin na biyu. Kowane rabi shi kaɗai ba ya iya komai. Kamar ƙyastu ne a hannun mutum ɗaya, ƙanƙara a hannun wani: sai sun zo kusa da juna sannan wuta za ta tashi, kuma ko sun zo sai da abduga, wato lusiferin. Ramasamy Paulmurugan da Yoshio Umezawa da Gambhir sun nuna wannan a ɓera a 2002. A 2004 Kathryn Luker da David Piwnica-Worms a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka bi wuraren yanka masu yawa har suka samo wanda ya fi kyau: rabin farko daga amino asid na 2 zuwa na 416, rabi na biyu daga na 398 zuwa na 550. Ki lura gutsattsarin biyu sun ɗan hau juna. Har yau mutane da yawa da wannan yanka suke aiki.

Gwajin da suka tabbatar da hanyar da shi ya kamata ki san shi ciki da bai, domin shi ne zai zama ma'auninki. Akwai furotin FKBP12 da kuma wani ɓangare na furotin mTOR da ake kira FRB. Su biyun ba ruwansu da juna sai an kawo rapamaisin, maganin da aka samo daga ƙwayar bakteriya a ƙasar tsibirin Rapa Nui. Rapamaisin yana shiga tsakaninsu ya ɗaure su. Aka yi wa ɓera allurarsa, haske ya tashi, kuma gwargwadon yawan maganin gwargwadon hasken. FK506 kuwa yana kama FKBP12 a gurbin da rapamaisin yake kamawa, don haka yana hana haɗuwar. Sannan idan aka sauya amino asid na 2035 a FRB, rapamaisin ba ya iya kama shi, hasken kuma ba ya tashi. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin hujjar, domin komai iri ɗaya ne a ƙwayar halittar in ban da iya haɗuwa.

Babban alherin rabon lusifares shi ne gutsattsarin suna sakin juna idan furotin ɗin sun rabu. GFP da aka raba ba haka yake ba, idan ya haɗe ya haɗe ke nan, ya riƙe furotin biyun ko da sun so rabuwa. Ke da ke nazarin maganin raba abu, wannan bambanci shi ne komai a wajenki.

An raba wasu lusifares ɗin ma. Na Renilla reniformis, wata halittar teku, an raba shi a 2003. Na Gaussia princeps, Ingrid Remy da Stephen Michnick suka raba shi a 2006. Waɗannan biyun wani sinadari mai suna silentarazin suke ci a maimakon irin lusiferin na maƙesu, ba su buƙatar ATP, shi ya sa na Gaussia yake iya aiki a wajen ƙwayar halitta. Sai NanoLuc, wanda kamfanin Promega ya ƙera a 2012 daga wani jatan lande na ƙarƙashin teku, Oplophorus gracilirostris. Sinadarin da yake ci shi ne furimazin. Ƙarami ne, nauyinsa kilodalton 19, alhali na maƙesu ya kai 61, kuma a faranti ya fi na maƙesu haske fiye da sau 100. A 2016 suka raba shi suka kira shi NanoBiT: babban gutsure LgBiT, da ƙarami SmBiT mai amino asid 11 kacal. Da gangan aka raunana son da gutsattsarin suke yi wa juna, don kada su riƙa janyo furotin ɗin da ƙarfinsu. Ki kiyaye kada ki rikita SmBiT da HiBiT. Shi ma amino asid 11 ne, amma yana manne wa LgBiT da kansa ƙam, aikinsa auna yawan furotin ne, ba haɗuwa ba.

Hanya ta uku ita ce BRET. A nan lusifares yana nan cikakke a jikin furotin ɗaya, ɗayan kuma yana ɗauke da furotin mai ƙyalli. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza nanomita 10, lusifares yana miƙa ƙarfinsa kai tsaye ga mai ƙyallin, sai launin hasken ya canza. Miƙawar tana faɗuwa da sauri ƙwarai idan tazara ta ƙaru, shi ya sa take nuna kusanci na gaske. Yao Xu da David Piston da Carl Johnson na Jami'ar Vanderbilt suka fito da ita a 1999, suna nazarin furotin KaiB na agogon jikin wata bakteriya. Abin da ake aunawa shi ne launin mai karɓa a raba da launin mai bayarwa, don haka ko yawan ƙwayoyin halitta ya canza, ko lusiferin bai shiga sosai ba, lissafin ba ya girgiza da yawa. A faranti wannan babbar fa'ida ce. A jikin dabba kuma akwai inda take samun tangarɗa, kuma launi ne sanadi.

Yau da dare ki kashe fitilar ɗaki, ki ɗora tafin hannunki a kan tocila. Farin haske ne ya shiga, amma ja za ki gani yana fitowa tsakanin yatsunki. Himogulobin na jini yana shanye shuɗi da kore da rawaya, duk hasken da tsawon zangonsa ya gaza nanomita 600, ya bar ja ya wuce. Abin da ke samun hasken lusifares a jikin ɓera ke nan. A ƙiyasin da aka saba yi, kowace santimita ta nama tana rage hasken kamar sau 10, shuɗi kuma ya fi haka asara nesa ba kusa ba. Renilla da Gaussia suna bayar da haske wajen nanomita 480, NanoLuc wajen 460, duk shuɗi. Na maƙesu yana wajen 560 a zafin ɗaki, amma a zafin jiki, digiri 37, yana karkata zuwa sama da 600. Wannan ne ya sa tsohon lusifares na maƙesu, duk da raunin haskensa a faranti, yake yawan kayar da NanoLuc idan abin ya yi zurfi a huhu ko hanta. Ɗalibai da yawa suna zaɓar mai haske a faranti, su kai shi ɓera su tarar da duhu.

Ga BRET kuma, tunda shuɗin mai bayarwa ya fi jan mai karɓa shanyuwa, lissafin rabon yana canzawa da zurfi ko da furotin ɗin ba su motsa ba. Ƙarin kansa guda biyu masu haɗuwa iri ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin fata ɗaya a huhu, za su ba ki lamba daban. An yi ta ƙoƙarin tura launukan zuwa ja saboda haka. BRET3 na 2009 ya haɗa RLuc8, wani lusifares na Renilla da aka gyara, da furotin mai ƙyalli mOrange. BRET6 na 2011, daga ɗakin Gambhir a Stanford, ya haɗa RLuc8.6 da TurboFP635, kuma da shi suka ga haɗuwar FKBP12 da FRB a ƙwayoyin da suka maƙale a huhun ɓera. A ɓangaren NanoLuc, ɗakin Michael Lin ya fitar da Antares a 2016, mai mayar da shuɗin zuwa ruwan lemo, sannan a 2020 suka fitar da fulorofurimazin tare da Promega, domin furimazin na asali ba ya narkewa a ruwa sosai, ba a iya ba dabba isasshe. A Japan kuma, ɗakin Atsushi Miyawaki a RIKEN ya fitar da AkaLuc a 2018, mai haske wajen nanomita 650, har suka iya ganin ƙwayar halitta guda ɗaya tak a huhun ɓera.

Yanzu bari mu shiga ɗakin ɗaukar hoto, domin a nan ne yawancin kurakurai suke shigowa. Za ki auna ɓeran a sikeli, a ce giram 20. Adadin da aka saba bayarwa na lusiferin shi ne miligiram 150 ga kowane kilo, wato miligiram 3 ga wannan ɓeran. Idan ruwan da kika haɗa miligiram 15 ne a kowace mililita, za ki ja maikurolita 200 ki yi masa allura a ciki. Sai a sa shi a akwatin iskar aisofuloren har ya yi barci, a kwantar da shi a faifan na'urar da aka ɗumama zuwa digiri 37, hancinsa a cikin bututun iskar. Ki rufe ƙofa. Na'urar, wadda galibi IVIS ce, tana da kyamarar da aka sanyaya zuwa digiri 90 ƙasa da sifili don kada zafin kanta ya haifar da ƙarya. Za ta fara ɗaukar hoton ɓeran na yau da kullum, sannan ta kashe fitila ta tara haske na daƙiƙa 1 ko har minti 5. Abin da za ki gani a kwamfuta, tabo mai ja a tsakiya da shuɗi a gefe a kan hoton ɓera, launukan kwamfuta ce ta shafa su don nuna yawa. Ja a nan yana nufin haske mai yawa. Kada ki yanke hukunci da ido, domin ana iya ja da ma'aunin launin har ƙaramin bambanci ya zama babba. Ki zana da'ira a kan wurin, ki ɗauki lamba, yawan ɗigon haske a daƙiƙa.

Hasken ba tsayayye ba ne. Bayan allurar ciki yana hawa, ya kai ƙololuwa wajen minti 10 zuwa 20, sannan ya fara sauka. Wanda ya ɗauki hoton rukuni ɗaya a minti 8, ɗayan a minti 25, ya ƙirƙiro wa kansa sakamakon da babu shi. Ki fara da ɗaukar hoto kowane minti 2 har ki gano ƙololuwar a irin ɓerayenki, kuma ki sake gwadawa idan ƙarin ya girma, domin lokacin yana matsawa. Silentarazin ya fi wuyar sha'ani: ta jijiyar wutsiya ake bayar da shi, haskensa yana tashi ya faɗi cikin 'yan mintoci, kuma yana ɗan yin haske da kansa idan ya gamu da albumin na jini.

To ga amsar tambayarki dalla-dalla. A ce kin ba da magani, haske ya ragu da rabi. Wataƙila furotin ɗin sun rabu, yadda kike fata. Wataƙila kuma maganin ya kashe rabin ƙwayoyin kansar ne, kuma maganin kansa ai aikinsa ke nan. Ko bai kashe su ba amma ya rage musu ATP, lusifares na maƙesu kuwa ba ya aiki sai da shi. Ko ya taɓa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin, lusiferin da oksijin suka daina isa. Tsakiyar babban ƙari dama yakan rasa iska ya yi duhu. Ko ya rage yawan ɗaya daga furotin biyun ba tare da ya raba su ba. Akwai kuma famfunan da ke bangon ƙwayar halitta masu fitar da baƙon sinadari: ABCG2 yana fitar da lusiferin, P-gp kuma yana fitar da silentarazin, wannan na biyun ɗakin Piwnica-Worms ne ya nuna shi a 2004. Duk maganin da ya taɓa waɗannan famfuna zai motsa haskenki. Har allurar da ta kuskure ta shiga hanji, da gashin da ya sake tsirowa bayan aski, da baƙin tabon da ke fitowa a fatar baƙin ɓera irin C57BL/6, da zurfin barcin aisofuloren, duk suna rage haske.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu shi ne maganin da ke kama lusifares ɗin kansa. Ba abu ne mai wuyar faruwa ba. Resberaturol, wanda aka yi ta rubutu a kansa, yana hana lusifares na maƙesu aiki. A 2009 Douglas Auld da James Inglese a cibiyar NIH ta Amurka suka nuna cewa PTC124, wani magani da aka zaƙulo ta gwajin lusifares, yana manne wa enzayim ɗin ya hana shi lalacewa a cikin ƙwayar halitta, sai ya taru, hasken ya ƙaru. Ki ga, mai hana enzayim aiki yana iya rage haske, yana kuma iya ƙara shi. Idan ta gwajin lusifares kika samo maganinki tun farko, wannan shi ne abu na farko da za ki bincika, kuma aikin yini ɗaya ne: ki zuba maganin a kan cikakken lusifares a faranti ki ga ko ya taɓa shi.

Gwajin da haske ke tashi a cikinsa, irin na rapamaisin, ya fi sauƙin karewa, domin abubuwan da ke ƙara haske bisa kuskure kaɗan ne. Naki na saukar haske ne, saboda haka nauyin hujja a kanki ya fi yawa. Ga yadda zan shirya shi in da ni ne.

Zan fara a faranti, in daɗe a can. Kowane furotin ana iya liƙa masa gutsure a kai ko a wutsiya, kuma kowanne yana iya ɗaukar babban gutsure ko ƙarami, wato haɗi 8 ke nan. Ki gwada su duka, da ɗan zaren gilaisin da serin a tsakani don gutsuren ya samu walwala. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne kawai ke bayar da haske mai kyau, saura shiru, ba don furotin ɗin ba su haɗu ba sai don gutsattsarin sun juya wa juna baya. Daga nan ki fahimci cewa rashin haske ma ba hujjar rashin haɗuwa ba ce. Ki kuma guji cika ƙwayar halitta da furotin ɗin. Idan suka yi yawa fiye da yadda suke a halitta, cunkoso kaɗai zai sa su riƙa gogar juna, haske ya tashi. Ki yi amfani da makunnin ƙwayar gado mai rauni, ko in da hali ki saka gutsuren a gurbin ƙwayar gadon ta asali da CRISPR, dabarar gyaran ƙwayar gado. Sannan ki kafa layin ƙwayoyin da ya riƙe abin dindindin.

A cikin waɗannan ƙwayoyin zan saka lusifares na biyu, cikakke, mai cin wani sinadarin daban, wanda ba ruwansa da haɗuwar. Misali NanoBiT don haɗuwa, cikakken na maƙesu don ƙidayar ƙwayoyi masu rai. Lusiferin da furimazin ba sa shiga aikin juna, sai dai ki bar tazara tsakanin allurai biyun har hasken farko ya mutu. Idan magani ya rage na farko ya bar na biyu yadda yake, kin kawar da zargin mutuwar ƙwayoyi. Bayan haka zan shirya layi na biyu, mai furotin da aka sauya wa amino asid ɗaya a wurin haɗuwar, don in san ƙasan hasken, inda ba zai sauka ƙasa da nan ba. Layi na uku kuma mai wasu furotin biyu da ke haɗe kullum, waɗanda maganinki bai san da su ba, ɗauke da gutsattsari iri ɗaya. Za ki iya dasa layin gwaji a kwiɓin dama, na kwatance a kwiɓin hagu na ɓera guda. Magani ɗaya, jini ɗaya, allura ɗaya. Idan dama ta dushe hagu tana nan, babu mai jarrabawar da zai ce miki allura ce ta kuskure.

Lokaci ma hujja ne. Rabuwar furotin abu ne na mintoci zuwa 'yan awoyi, mutuwar ƙwayoyi kuwa tana ɗaukar yini ko fiye. Ki ɗauki hoton kowane ɓera kafin magani, sannan bayan awa 1, awa 4, awa 8, awa 24, awa 48, ki riƙa auna shi da hasken kansa na farko. Abin da nake so ki gani shi ne haske ya sauka da wuri, sannan ya dawo yayin da jiki ke fitar da maganin. Matattun ƙwayoyi ba sa dawo da haske cikin yini guda. Wannan dawowar ta fi saukar ƙarfin hujja, kuma ita ce za ta gaya miki sau nawa ya kamata a ba da maganin. Ki ƙara da adadi uku ko huɗu na maganin don a ga saukar tana bin yawansa.

Akwai aikin da ya yi kama da naki da ya kamata ki nema ki karanta. Kathryn da Gary Luker, bayan sun koma Jami'ar Michigan, sun liƙa rabin lusifares na Gaussia a jikin furotin CXCL12, ɗayan rabin a jikin masu karɓarsa, CXCR4 da CXCR7, suka dasa ƙwayoyin kansar mama a ɓera. A 2012 suka wallafa yadda suka auna haɗuwar a cikin ƙari mai rai, da yadda maganin AMD3100 yake tare haɗuwar CXCL12 da CXCR4. Sun zaɓi Gaussia ne domin haɗuwar a wajen ƙwayar halitta take faruwa, inda babu isasshen ATP. Wurin da furotin ɗinki suke haɗuwa shi zai zaɓa miki enzayim, tare da zurfin ƙarin.

Ga zaɓina a naki: idan za ki dasa ƙwayoyin a ƙarƙashin fata ko a kitsen maman ɓera, wurin ba zurfi, NanoBiT da fulorofurimazin zai yi, kuma ƙanƙantar SmBiT tana rage yiwuwar ya dami furotin ɗinki. Idan kuma bin kansar za ki yi har huhu ko ƙashi, ki ɗauki rabon na maƙesu, lusifares na biyun, mai ƙidayar ƙwayoyi, ya zama NanoLuc ko Antares. BRET zan bar shi a faranti ya zama shaida ta biyu, sai dai idan ɗakinku ya riga ya saba da shi a dabba, da matatun launi da suka dace. Ɓera marar gashi ko fari ya fi, kuma tunda ƙwayoyin mutum za ki dasa, dama marar garkuwar jiki za ki yi amfani da shi.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe game da dabbobin. A da, don a san abin da ke faruwa a lokuta biyar, sai a yanka rukuni biyar. Da wannan hanya rukuni ɗaya ya wadatar, kuma wannan yana cikin ƙa'idar rage yawan dabbobin gwaji da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959. Rai ne, amana ce a hannunki. Kada ki kai ɓera ko ɗaya gaban kyamara sai farantinki ya ba ki bambanci bayyananne tsakanin haɗuwa da rashinta, domin abin da ya yi rauni a faranti ɓacewa zai yi a ƙarƙashin fata. Ki samu amincewar kwamitin kula da dabbobi, ki ɗumama su lokacin barci, ki sa musu man ido don kada ya bushe, kuma ki tsayar da girman ƙarin da ba za ki bari a wuce ba.

A ƙarshen gwajin, ki ware wasu ɓeraye a daidai awar da hasken ya fi sauka. Ki cire ƙarin, ki raba shi uku. Kashi ɗaya ki janyo furotin na farko da garkuwarsa, wato antibodi mai kama shi, ki duba ko na biyun ya biyo shi, kuma ki duba na asali, waɗanda ba a liƙa wa komai ba. Kashi na biyu ki auna yawan kowane furotin don a san ba raguwa suka yi ba. Na uku ki aika a auna yawan maganin da ya shiga naman. Hoton haske yana nuna cewa gutsattsari biyu sun yi nisa da juna, kuma ko suna kusa bai bambanta taɓa juna kai tsaye da zama a tawaga ɗaya tare da furotin na uku a tsakani ba. Idan sakamakon naman ya yi daidai da na hoton, a lokacin za ki iya rubuta cewa maganin ya raba su a jikin dabba mai rai. Ki turo min sunayen furotin biyun da inda suke zama a ƙwayar halitta, sai mu duba wane gefe ya fi dacewa a liƙa wa gutsuren.